Me ya sa ba za a hana likitoci fita waje ba?

Wani malamin firamare daga wata ƙaramar hukuma ya aiko da wannan tambaya: "A watan jiya naƙuda ta zo wa maiɗakina da gardama. Muka je babban asibitin garinmu, aka ce likitan da ke yin tiyata ya ajiye aiki ya tafi Saudiyya. Sai da muka yi tafiyar awa 2 zuwa birni. Allah Ya tsallakar da ita, amma jaririn bai zo da rai ba. Da kuɗin talakawa aka karantar da likitocin nan. Me ya sa gwamnati ba za ta yi doka ta hana su fita ba?"

Malam, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa mai ceto ne, Ya ba maiɗakinka lafiya, Ya mayar muku da alheri. Ni likitar mata da haihuwa ce, na haura shekara 25 a wannan aiki, kuma mata irin maiɗakinka su nake karɓa a ɗakin haihuwa bayan sun sha tafiyar awa biyu ko uku a bayan mota. Na san abin da awa biyun nan take ci. Don haka fushinka yana kan hanya, ba zan ce ka sassauta ba. Abin da zan yi shi ne in nuna maka inda ɓarakar take, domin ni ce kuma wadda ƙananan likitoci suke zuwa ofishinta da takarda a hannu, suna sunkuyar da kai, suna cewa in rubuta musu shaidar aiki za su kai Ingila.

Mu fara da girman abin. A shekarar 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce kimanin likitoci 16,000 ne suka bar Najeriya a cikin shekara 5, kuma waɗanda suka rage kusan 55,000 ne, ga al'umma fiye da miliyan 200. A rajistar likitocin Birtaniya kaɗai akwai fiye da 10,000 da suka yi karatu a Najeriya. Sauran suna Amurka, Kanada, Saudiyya, Ƙatar, Ireland da Ostireliya. A cikin waɗanda suka rage ɗin ma, ministan ya ce wajen 7,600 suna Legas, wajen 4,700 suna Abuja. Ka ga ke nan birni biyu sun kwashe fiye da kashi ɗaya cikin biyar, sauran ƙasa ta raba abin da ya saura.

Wannan rabon ne ya kamata ɗan Arewa ya fi lura da shi, domin tafiyar likita hawa-hawa ce. Idan ƙwararre ya bar asibitin koyarwa a Legas ya tafi Landan, gurbinsa ba ya zama a buɗe, wani zai taso daga Zariya ko Kano ko Jos ya cike shi. Gurbin na Zariya kuma sai likitan gwamnatin jiha ya nema, saboda albashin tarayya ya fi na yawancin jihohi, kuma yana zuwa a kan kari. Shi kuma na jiha da ke babban birni, sai a janyo na ƙaramar hukuma a toshe da shi. Haka ramin yake gangarowa har ya tsaya a garinku, inda babu wani na ƙasa da za a janyo. Ƙungiyoyin agaji ma suna ɗiba, likita ya bar duba marasa lafiya ya koma rubuta rahoto a ofis mai sanyi, kuma ba na ganin laifinsa. Ko da likitanku bai je Saudiyya ba, da wuya ya ƙara shekara biyu a wurinku.

To me yake korar su? Mutane sukan ce kuɗi, kuma kuɗi yana ciki, ba za a ɓoye ba. A ce likita yana ɗaukar naira 300,000 a wata. Kafin a saki farashin naira a watan Yunin 2023, wannan ya kai dala 650. Da dala ta haura naira 1,500 a 2024, sai ya koma dala 200, alhali bai rage aikin ko awa ɗaya ba. Shi ma yana da iyaye da ƙanne da suka shekara goma suna jiran ya gama karatu su huta. Amma a cikin waɗanda na rubuta wa takarda, kaɗan ne suka fara da maganar albashi. Abin da suke fara faɗa shi ne gajiya, da tsoro, da baƙin cikin sanin aiki a rasa abin yin sa.

Bari in ba ka misali daga ɗakin da nake aiki. Mace ta haihu tana zubar da jini. Maganinta sananne ne tun shekaru aru-aru: allurar da ke matse mahaifa, ledar jini biyu ko uku, ɗakin tiyata mai wuta, da wanda zai sa ta barci. Likita ɗan shekara 28 ya san duk wannan, ya haddace, ya ci jarrabawa a kansa. Sai ga shi ƙarfe biyun dare allurar ta lalace saboda firji ya daɗe babu wuta, ma'ajiyar jini babu komai, an tura miji ya nemo ɗan'uwa mai irin jininta, janareto babu mai, yana ɗinki nas tana haska masa da fitilar waya. Matar ta cika a hannunsa. Da gari ya waye dangi su taso masa da zagi, wani lokaci har da duka, sannan ya wuce ya duba mutum sittin da suke jiransa a layi, domin wanda zai karɓe shi ya tafi tun bara ba a kawo wani ba. Wata ɗalibata da ta tafi ta ce min, "Malama, na gaji da sa hannu a takardar mutuwar matan da na san yadda zan cece su." Ban sami abin da zan ce mata ba. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duk duniya a Najeriya suke mutuwa, kuma kowacce daga cikinsu da ta kai asibiti a gaban wani ma'aikaci ta mutu, da shi zai kwana.

Ga kuma haɗarin aikin kansa. A watan Janairun 2020 likitoci biyu a Kano suka rasu da zazzaɓin Lassa bayan sun yi hulɗa da majinyata masu ɗauke da cutar. A lokacin nan alawus ɗin haɗari na likita naira 5,000 ne a wata, kuma a haka aka shiga annobar korona. Sai a ƙarshen 2021 aka ɗaga shi. A watan Disambar 2023 aka shiga gidajen ma'aikata na Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna aka sace wata likita, ta shafe kusan wata 10 a hannun 'yan bindiga, har ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta tafi yajin aiki a kanta. Idan haka ta faru a cikin Kaduna, ka yi tunanin zuciyar wanda aka tura asibitin ƙauye a Zamfara ko Katsina, inda kowa ya san shi ne likita, ya san gidansa, ya san lokacin da yake fitowa.

Wannan ba sabon abu ba ne. Mu da muka yi karatu a shekarun 1980 da 1990 mun ga malamanmu suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya zuwa Saudiyya bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira. Har gwamnatin Babangida ta kafa kwamiti a 1988 a kan ficewar masana. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. A ƙasar da aka sa hannun, kason yakan tsaya ne wajen kashi 4 zuwa 6. A 2019 ministan ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, wanda shi ma likita ne, ya fito a talabijin ya ce muna da rarar likitoci, mai son tafiya ya tafi. A watan Agustan 2021, ana tsakiyar yajin aikin likitoci, masu ɗaukar ma'aikata don Saudiyya suka zauna a wani otal a Abuja, likitoci suka cika wurin, har da masu furfura. Ƙaramin likita yana kallon duk wannan. Yana kuma kallon shugabanninsa suna hawa jirgi idan ciwo ya kama su, 'Yar'aduwa zuwa Jidda a 2009, Buhari zuwa Landan inda ya yi fiye da kwana 100 a tafiya ɗaya a 2017. Da wace fuska za a ce masa ya zauna a asibitin da masu riƙe da shi ba su yarda su kwanta a ciki ba?

Yanzu ga dokar da ka tambaya. An gwada. Wani ɗan majalisar wakilai daga Legas, Ganiyu Johnson, ya kawo ƙudirin da zai hana likitan da ya yi karatu a Najeriya cikakken lasisi sai ya yi aikin shekara 5 a gida. A watan Afrilun 2023 ƙudirin ya tsallake karatu na biyu, ƙungiyoyin likitoci suka yi ca, wa'adin majalisar ya ƙare bai zama doka ba. Ni ma ban goyi bayansa ba, kuma ba don ina kare 'yan'uwana ba.

Na farko, wa dokar za ta kama? Mai hali zai tura ɗansa Masar ko Indiya ko Turai ya yi karatun, daga can ya wuce inda yake so. Ɗan malamin firamare irinka da ya shiga Jami'ar Bayero ko ta Ɗanfodiyo da guminsa, shi za a ɗaure. Sannan dokar tana duban sababbin likitoci ne, alhali asarar da ta fi ciwo ta manya ce. Lissafa: shekara 6 a jami'a, idan yajin aiki bai ƙara ba, kuma na 2020 ya ci wata 9, na 2022 ya ci wata 8. Shekara 1 ta horon farko a asibiti, shekara 1 ta hidimar ƙasa, sannan shekara 5 ko 6 na neman ƙwarewa da jarrabawoyinta. Kafin ka samu ƙwararren likitan tiyata ɗaya an yi shekara 13 ko fiye. Wannan mutumin ya riga ya wuce shekara biyar ɗin dokar, babu abin da za ta yi masa. Ƙungiyar manyan likitoci ta ce a 2022 fiye da 500 daga cikinsu sun fita a cikin shekara 2. Kowane ɗaya daga cikinsu malami ne. Idan ya tafi, sashensa yana iya rasa izinin horar da ƙwararru, waɗanda ke ƙarƙashinsa su watse. Gwamnati ta ƙara yawan ɗaliban da ake ɗauka karatun likita, kuma abu ne mai kyau, amma ɗalibi ba ya koyon fiɗa daga allo, sai ya tsaya kusa da wani ya ga hannunsa.

Abu na biyu shi ne wanda mutane ba su sani ba, kuma shi ya fi ba ni takaici. A ƙasar da ake kukan rashin likita, akwai yaran da suka gama karatu suna zaune a gida watanni suna neman gurbin horon farko. Akwai waɗanda suka ci jarrabawar share fage ta neman ƙwarewa suna jiran a ɗauke su shekara biyu. Asibitin tarayya idan likita goma suka ajiye aiki, ba ya iya maye gurbinsu sai ya nemi izini daga Abuja, takarda ta yi ta yawo daga ofis zuwa ofis. Na sha ganin yaro yana son zama, yana son sashenmu, muna son sa, babu gurbi. A zaman jiran nan ne yake buɗe littafin jarrabawar PLAB, ta samun lasisin aikin likita a Birtaniya. Yaya za ka hana mutum fita daga ɗakin da kai ka ƙi buɗe masa ƙofar shiga? Makwabtanmu na Nijar ma suna da irin wannan, matasan likitoci suna jiran gwamnati ta ɗauke su aiki alhali asibitocin karkara babu kowa.

Sai dai akwai gaskiya a maganarka wadda ba zan tsallake ba. Karatun likita a jami'ar gwamnati kusan kyauta ne idan aka gwada da ainihin kuɗinsa, kuma al'umma ce ta biya. Majinyatan da muka koyi aiki a jikinsu ma talakawa ne, su suka ba mu cikinsu da ƙirjinsu muka taɓa muna ɗalibai. Wannan bashi ne. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan jiha ta ɗauki nauyin yaro, a gida ko a waje, da sharaɗin zai yi mata aikin shekara kaza, kuma ya sa hannu yana sane, to ya cika alkawari ko ya biya, kuma ina faɗa wa ɗalibaina haka ba tare da kara ba. Bambancin shi ne a yi sharaɗin tun ranar shiga, ita ma gwamnatin ta cika nata: gurbin aiki yana jiransa ranar da ya gama, da albashi, da gida.

Ƙasar Tailan ta bi wannan hanya. A shekarun 1960 likitocinta suka yi ta kwarara zuwa Amurka. Sai ta sa duk mai shiga karatun likita a jami'ar gwamnati ya sa hannu zai yi aikin shekara 3 inda aka tura shi. Amma ba ta tsaya nan ba. A shekarun 1980 ta karkatar da kuɗin gine-gine daga manyan asibitocin birni zuwa na gundumomi, ta ƙara wa likitan karkara alawus, daga baya ta riƙa ɗaukar ɗalibai daga karkarar ana horar da su kusa da gida ana mayar da su garuruwansu. Wannan na ƙarshen shi na fi so jihohinmu su kwaikwaya. Yarinyar da ta taso a Gumel ko Dutsin-ma ko Biu, iyayenta suna nan, harshen mutanen harshenta ne, ta fi zama a kan wanda aka jefo daga nesa.

Gana kuma darasinta a kan ƙwarewa ne. Da, likitan Gana mai son zama ƙwararre sai ya tafi Ingila ko Amurka, kuma akasari ba ya dawowa, domin shekarun horon su ne shekarun aure da haihuwa da sayen gida. A 1989 suka fara horar da likitocin mata a cikin gida, kusan duk waɗanda suka fito daga shirin suka zauna a ƙasar. A 2003 suka buɗe kwalejinsu ta horar da ƙwararru. Malawi ta ƙara wa ma'aikatan lafiya kashi 52 cikin 100 a kan albashi tun wajen 2005 da tallafin Birtaniya da asusun duniya na yaƙi da cututtuka. Mozambik ta horar da ma'aikatan da ba likitoci ba suna yin tiyatar haihuwa a asibitocin gundumomi, kuma su ba sa tafiya ko'ina, domin takardarsu a gida take aiki. Wasu abokan aikina ba sa son jin wannan, amma da akwai irin wannan ma'aikaci a garinku, wanda aka horar sosai ake kuma bibiyar aikinsa, wataƙila da ba ku hau mota ba.

Ƙasashen da ke ɗiba su ma ba zan wanke su ba. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin Birtaniya a 2011 ya ƙiyasta cewa ƙasashen Afirka 9, har da Najeriya, sun yi asarar fiye da dala biliyan 2 da suka kashe wajen karantar da likitocin da suka fita, ita kuwa Birtaniya ta ci ribar kusan dala biliyan 2.7 na kuɗin horon da ba ta kashe ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya tsakanin ƙasashe, kuma tana da jerin ƙasashen da bai kamata a je farautar ma'aikata a cikinsu ba. A jerin 2023 ƙasashe 55 ne, Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Cadi duk suna ciki. Amma ƙa'idar ba ta tilasta kowa, kuma ba ta hana likita ya nemi aikin da kansa ta intanet ba, wanda haka kusan kowa yake yi. Abin da ya dace gwamnatinmu ta nema, kuma manufar da ta amince da ita a watan Agustan 2024 a kan ƙaurar ma'aikatan lafiya ta taɓo shi, shi ne yarjejeniya a rubuce: duk ƙasar da ta ɗauki namu ta sa kuɗi a horar da wasu a nan. Ana cewa ai suna aiko da kuɗi gida. Suna aikowa, iyayensu suna jin daɗi, amma kuɗin da aka aiko wa wani gida a Ibadan ba ya yi wa matar garinku tiyata.

Su kansu masu tafiyar ba duka ne suke samun abin da suka zata ba. Wani ya bar nan yana babban likita ya je can ya koma ƙaramin ma'aikaci, yana neman gurbin horo shekara da shekaru. A 2022 BBC ta yi rahoto a kan likitocin Najeriya da ake sa su aiki dare da rana mako guda cur a wasu asibitocin kuɗi na Birtaniya. Wasu suna kira na suna tambayar ko akwai hanyar dawowa, ko da na wata ɗaya ne a shekara, su yi tiyata su koyar. Irin waɗannan bai kamata a tare su da gori ko doguwar takarda ba.

Kai kuma, Malam, akwai abin da ke hannunku. Babban asibitin garinku na gwamnatin jiha ne, ba na Abuja ba, kuma ɗan majalisar jiharku da shugaban ƙaramar hukuma da mai martaba hakimi duk kuna iya isa gare su. Ku haɗu da kwamitin ci-gaban gari ku je da tambayoyi ƙayyadaddu. Likita nawa aka rubuta wa asibitin a takarda, nawa ne a ƙasa? Wanda ya tafi, wata nawa yake bin bashin alawus? Gidan likita yana da ruwa da wuta da katanga? Ɗalibai nawa 'yan ƙaramar hukumar jiha take ɗaukar nauyinsu a karatun likita da jinya da ungozoma, kuma ina aka tura waɗanda suka gama? Ku nemi a kawo likita biyu aƙalla, domin mutum ɗaya da ba shi da mai karɓarsa dare da rana ba ya wuce shekara. Ku nemi firjin jini mai aiki da hasken rana, ku kuma tara sunayen matasan gari masu ba da jini da lambobinsu a ajiye a ɗakin haihuwa.

Maiɗakinka kuma, idan an yi mata tiyata, ta huta kamar shekara 2 kafin wani cikin. Idan Allah Ya kawo, ta fara awo da wuri, a gaya wa ma'aikata an taɓa yi mata aiki, kuma haihuwar ta kasance a asibitin da ake tiyata. Idan har lokacin ba a kawo muku likita ba, ku koma kusa da birni tun watan haihuwa bai kama ba, kada ku jira naƙuda ta fara.